Zumunta a Ƙafa Take: Komawata Argungu Bikin Taubashiyata

Kusan kowane ɗayanmu yana da wani gari ko ƙauye da akan kai shi hutu tun yana ƙarami, galibi wurin kakanni. Amma da zarar yaro ya shigo makarantar kwana sai ƙafarsa ta fara ɗaukewa daga can. Wannan hutu a ce akwai karatun jarrabawa, wancan a ce kuɗin mota ya yi yawa, na gaba kuma a ce hanya ba lafiya. Kafin a ankara shekaru sun shuɗe, waɗanda aka yi wasan ƙasa da su sun zama baƙi.

Ni garin hutuna Argungu ne, can ne mahaifar Innarmu. Mu kuwa a Zariya muke zaune, inda Babanmu yake aiki, shi kuma Bakatsine ne. Na shekara 6 ban taka Argungu ba, sai a hutun Disamba na 2025, sa'ad da muka tafi bikin 'yar kawuna. Abin da na gani da abin da na koya a wannan tafiya shi nake so in tsara muku a nan, domin akwai tarihi a ciki, akwai labarin ƙasa, akwai ilmin halitta, kuma akwai abin da ya fi su duka, watau yadda zumunci yake tsinkewa da yadda ake ƙulla shi.

Argungu da Mutanenta

Argungu tana cikin Jihar Kabi, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991. Tana bakin Gulbin Kabi, kimanin kilomita 100 daga Sakkwato ta wajen kudu maso yamma. Mutanenta su ne Kabawa, sana'o'insu na gado kuwa su ne su da noman shinkafa.

Wanda ya kafa daular Kabi shi ne Muhammadu Kanta, a farkon ƙarni na 16. Ya ƙwace kansa daga ƙarƙashin daular Sanwai, ya gina birnin Surame, wanda kufansa da ragowar ganuwarsa ta dutse suna nan har yanzu. Daga baya hedkwatar Kabawa ta koma Birnin Kabi. A 1805 rundunar masu jihadi a ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi, sa'an nan daga bisani gidan sarautar Kabawa ya kafu a Argungu. Tun daga nan aka yi ta gwabzawa tsakaninsu da Sakkwato da Gwandu har zuwan Turawa.

Ga abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taso da kansa ya ziyarci Argungu, a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Don girmama wannan babban baƙo aka shirya gagarumin su a gulbi, kuma daga nan ake ƙirga mafarin bikin kamun kifi na Argungu da duniya ta sani. Watau gabar da takobi ya kasa kashewa cikin shekaru fiye da 100, ziyara ce ta rufe ta. An dakatar da bikin bayan na 2009, aka dawo da shi a 2020, shekarar da wanda ya zo na ɗaya ya kamo kifi mai nauyin kilo 78. A 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun gado na duniya.

Wanda duk ya je garin kada ya bar shi bai shiga Gidan Tarihi na Kanta ba. Tsohuwar fadar sarakuna ce, an zauna cikinta har 1942, aka mai da ita gidan tarihi a 1958. A ciki akwai masu da takubba da kwari da baka, da tambura, da kayan su na dā, da kuma kaburburan waɗansu sarakunan Kabi. Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, ya hau gadon sarauta a 1996.

Hutun Ƙuruciya

Tun ina ɗan shekara 4 akan kai mu Argungu sau biyu a shekara, dogon hutu na damina da kuma hutun Disamba. Gidan kakanninmu babban gida ne na ƙasa, mai zaure biyu, da bishiyar darbejiya a tsakar gida. Kakarmu tana da zanen Kabanci a kumatu, kuma ba ta kirana da komai sai "mijina".

Da damina gulbi yakan cika ya malala cikin fadama, har ba ka iya gane inda gona ta tsaya da inda ruwa ya fara. Da hunturu kuwa ruwa ya janye, ana yankan shinkafa ana bugu, gari duk ƙamshin bandar kifi. Kawu, wan Innarmu, masunci ne kuma manomi. Shi ya koya mini zama cikin kwalekwale ba tare da na karkata shi ba, shi ya nuna mini yadda ake kwanciya bisa gora a yi iyo, ana riƙe da homa a kowane hannu. Gorar nan aiki biyu take yi, tana ɗauke da masunci bisa ruwa, kuma cikinta yake zuba abin da ya kama.

A wurinsa na koyi cewa kayan su iri-iri ne. Akwai birgi da ake jefawa ya buɗe kamar laima, akwai taru da mutane da yawa suke ja, akwai mamari mai ƙugiyoyi jere a igiya, akwai kuma gura da ake saƙawa a girke cikin ruwa. Kifaye ma kowane da sunansa da halinsa. Giwan ruwa shi ne babbansu, shi ake nema ranar gasa. Akwai tarwaɗa da ramboshi da ƙarfasa da ragon ruwa da kurungu mai ƙaya. Minjirya tana da lantarki a jikinta, in ka taɓa ta sai hannunka ya sage. Gaiwa kuma tana da huhu, don haka in ruwa ya ƙafe sai ta shige cikin laka ta kwanta har damina ta dawo. Talibamban shi muka fi so muna yara, don da an taɓa shi sai ya kumbura kamar ƙwallo.

Akwai wani yanki na gulbin da ake kira Matan Fada. A nan ake yin gasar, kuma ba a yarda kowa ya yi su a cikinsa ba sai ranar da aka buɗe shi. Sarkin Ruwa ne yake lura da wannan doka. Da ina yaro na ɗauka tsoron iskoki kaɗai ya sa ake bin ta. Da muka yi darasin kiyaye albarkatun ƙasa a aji na gane hikimar da ke ciki: wurin da aka bari shekara guda ba a taɓa ba, nan kifi yake samun girma ya hayayyafa.

Abokiyar yawona a duk wannan ita ce 'yar Kawu, wadda ta girme ni da shekara 7. Ɗan mace da 'yar namiji taubasai ne, saboda haka kullum muna cikin tsokanar juna. Takan ce ni bawanta ne, ta aza mini kwandon kifi. Ita ce ta koya mini karanta agogo, ita ce kuma amaryar da muka je bikinta.

Abin da Ya Yanke Ƙafarmu

Zuwanmu na ƙarshe shi ne Disamba na 2019. A 2020 cutar korona ta sa aka rufe makarantu aka hana tafiye-tafiye, a daminar shekarar kuma ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kabi, har da ta Kawu. A 2021 labarin 'yan bindiga a hanyar Funtuwa zuwa Gusau ya sa Baba ya ce a dakata. Amma babban dalili ya zo ne a 2022.

Tun da daɗewa Kaka take da burin a haɗa babban wana da wannan taubashiya tamu, a yi tuwona maina. Su biyun ma suna son juna. Magana ta yi nisa, har an kai gaisuwar iyaye, sai Baba ya ce kafin a sa rana su je asibiti a gwada jininsu. Sakamako ya fito, shi AS, ita ma AS.

Bari in bayyana ma'anar wannan yadda aka koya mana a darasin ilmin halitta. Cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari mai ɗaukar iska zuwa sassan jiki. Irin wanda mutum zai samu gado ne, rabi daga uwa, rabi daga uba. Mai AA lafiya lau yake. Mai AS ma lafiyarsa ƙalau, sai dai yana ɗauke da irin cutar, yana iya ba 'ya'yansa. Mai SS shi ne mai amosanin jini, watau sikila. Ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, abin da ke jawo matsanancin ciwon ƙashi da gaɓoɓi. Bugu da ƙari ƙwayar jini mai lafiya takan yi kwana 120 tana aiki, amma mai siffar lauje ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, shi ya sa kullum jininsu yake ƙaranci.

To, idan AS ya auri AS, kowane ciki da matar za ta ɗauka yana da kashi 1 cikin 4 na zama SS, kashi 2 cikin 4 na zama AS, da kashi 1 cikin 4 na zama AA. A lura da kyau, ba ana nufin in sun haifi huɗu ɗaya ne kaɗai zai kamu ba. Kowane ciki lissafinsa daban, kamar jefa kwabo sama. Ana iya haifar huɗu duk su tsira, ana kuma iya haifar uku a jere duk masu ciwon. Kimanin mutum 1 cikin kowane 4 ko 5 a Nijeriya yana ɗauke da AS, kuma babu ƙasar da ta kai tamu yawan jariran da ake haifa da wannan cuta. Auren zumunci ba shi ke ƙirƙiro ta ba, amma 'yan'uwan jini sun fi yiwuwar gadon iri ɗaya daga kaka ɗaya, don haka gwaji ya fi zama wajibi a kansu.

Baba da Inna suka ce a haƙura da auren. Kawu kuwa ya ɗauki abin da zafi. A ganinsa an sami wata 'yar birni ne aka fake da takardar asibiti don a guji 'yarsa, bayan gari duk ya ji magana. Ya mayar da kayan gaisuwa, ya daina ɗaukar wayar Inna. Shekara uku wa da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, ba mai jin muryar wani. Sau da yawa nakan dawo hutu in tarar da Inna ta idar da salla tana share hawaye. Wana ya rame, ya daina fira da kowa. Mu ƙanana ba a gaya mana komai, amma yaro yana gane gidan da ba daɗi.

Hanya da Abin da Na Tarar

A watan Nuwamba na 2025 wani direba ya kawo goro da alewar sa rana gidanmu. Ba daga Kawu suka fito ba, daga Kaka ne, tare da saƙon baki cewa ƙarfinta ya ƙare, kuma tana son ta ga 'ya'yanta biyu a tabarma ɗaya kafin ta koma ga Mahaliccinta. Da na dawo hutu na tarar ana ta shawara. Waɗansu abokan Baba suka ce a aika da gudummawa ta banki a huta, ga hatsarin hanya, ga shi kuma mai gidan bikin bai gayyace mu ba. Baba ya ce kuɗi ba ya gaisuwa, ba ya kuma durƙusawa gaban tsohuwa. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne wana, wanda ya ce shi zai ja motar.

Muka tashi bayan sallar asuba don kada dare ya same mu a hanya. Daga Zariya muka bi Funtuwa, Tsafe, Gusau, Talatar Mafara, har Sakkwato, tafiyar kusan kilomita 400. Tsakanin Funtuwa da Gusau ba mai magana cikin motar sai addu'a, ga shingayen jami'an tsaro nan bini-bini. Allah ya kiyaye, muka shiga Argungu bayan la'asar.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda komai ya ƙanƙance. Zauren da nake gani kamar fada, sai da na sunkuya na shiga. Katangar da muke ɗarewa da ƙyar yanzu iyakarta kafaɗata. Garin kuwa ya faɗaɗa, gidajen siminti sun ci gonakin da muke tsinkar ɗanyar gyaɗa, manyan motoci suna ta jigila zuwa masana'antar gyaran shinkafa da aka buɗe a 2017. A fadama na ga faifan hasken rana jingine kusa da injinan ban ruwa, domin tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 ban ruwa da fetur ya yi wa manoma tsada.

Da na sami zuwa bakin gulbi, wani tsohon masunci abokin Kawu ya ce kifi ya ragu ƙwarai bisa ga zamanin samartakarsu. Ya kawo dalili biyu. Na farko, kifi yana bin ambaliya ne ya shiga fadama ya zuba ƙwai, to tun da aka gina madatsar Bakolori a 1978 da ta Goronyo a 1984, zuwan ruwa da janyewarsa suka sāke. Na biyu, masu amfani da raga mai ƙananan idanu suna kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba. Ya ƙara da cewa cikin samarin gidansu babu mai son gadon homa, kowa ya koma acaɓa ko ya tafi birni.

Kaka na zaune bisa tabarma a ƙofar ɗakinta, idonta ya yi rauni. Ta shafa fuskata ta ce, "Wane na wanga dogo? Kai, mijin nau na! To ina cefanen shekara shida?" Kowa ya yi dariya, ita kuwa Inna ta faɗa jikinta tana kuka.

Daren Sulhu

Kawu bai shigo ba sai bayan sallar lisha. Ya gaisa da Baba a tsaitsaye zai wuce, sai Kaka ta kira shi, ta kira Inna, ta ce mu ma yara mu zauna mu ji. Ta ce, "Nono guda kunka sha. In kunka bari nim mutu kuna hakanga, ban yahe muku ba."

Inna ta durƙusa ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Wallahi ba mu guji 'yarka ba, 'yata ce. Abin da muka guje mata shi ne ta kwana asibiti tana kallon ɗanta yana kuka ba ta da abin yi."

Kawu ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce, "Auta, tashi. Na gani da idona." Ashe cikin shekarun nan wani maƙwabcinsa ya rasa 'ya'ya biyu da wannan ciwo, kuma Kawu ne yakan ɗauki na biyun a babur zuwa asibiti cikin sanyin dare in ciwon ya tashi. Ya ce tun daga lokacin ya san gaskiya, kunya ce ta hana shi kira. Da wannan sabon manemi ya fito, malamin firamare ne, Kawu da kansa ya ce ba zai karɓi ko ƙwayar goro ba sai an kawo takardar gwaji. Aka gwada, mutumin AA ne.

Daga nan ya juya wajen Baba ya ce, "Bakatsine, jibi kai za ka ba da ɗiyarka." Baba ya ce ya karɓa, amma da sharaɗin a biya shi ladan wakilci da giwan ruwa guda. Kabawa da Katsinawa abokan wasa ne, saboda haka nan take zaure ya kaure da ba'a, Kawu yana cewa Bakatsine bai san kifi ba sai a miya.

Yadda Bikin Ya Gudana

Ga waɗanda za su rubuta jarrabawar Hausa, ga matakan aure kamar yadda na gan su ko aka bayyana mini. Kafin zuwanmu an riga an yi na-gani-ina-so, an kai gaisuwar iyaye, an sa rana, an kuma kawo lefe, watau akwatunan tufafi da kayan shafa da dangin ango suke kai wa amarya.

Ranar Alhamis aka yi kamu. Amarya ta ɓuya cikin ƙawayenta, tsofaffi mata suka nemo ta suka shafa mata lalle, aka rangaɗa guɗa. Daga nan ta shiga lalle, ba ta fita ko'ina, fuskarta a lulluɓe. Ranar Juma'a mata suka yi wuni, ana kiɗan ƙwarya a cikin gida, masu kalangu kuma suna ƙofar gida. A ranar ce ƙannen Inna da 'yan'uwanta suka tafi jere, suka shirya gado da kwanuka da sauran kayan ɗaki a gidan ango.

Ranar Asabar da hantsi aka ɗaura aure a ƙofar gida, kuma wannan ne na gani da idona tun daga farko har ƙarshe. Wakilin ango ya nemi auren sau uku, Baba a matsayin wakilin waliyyi ya ce ya bayar, aka ambaci sadaki aka miƙa shi a gaban jama'a lakadan. Liman ya tambaya ko ango ya ɗauki ci da sha da tufafi da wurin kwana, aka amsa. Aka shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, aka raba goro da dabino da alewa. Malaminmu na addini ya koya mana cewa abin da aure ba ya ƙulluwa sai da shi su ne waliyyi, da sadaki, da shaidu biyu adalai, da siga, watau nema da bayarwa. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki shi ne rubu'in dinari. Duk wannan bai ɗauki rabin sa'a ba. Sauran abubuwan da ke cinye dukiyar iyaye al'ada ce, ana iya rage su aure bai ragu da komai ba.

An ci tuwon shinkafa da miyar sure da kifi, an sha fura da nono. Da magariba aka yi wa amarya wanka, aka kai ta gaban Kawu da Kaka suka yi mata nasiha. Ni ma ta kira ni ta cikin lulluɓi ta ce, "Bawana, ka riƙe karatu," na ce mata ai yau na 'yantu, tunda an sami wanda zai ɗauki kwandon. Motar da ta kai ta gidan miji kuwa wana ne ya ja ta. Na ga dattawa suna nuna shi suna sa masa albarka. Abokan ango suka yi sayen baki a daren, washegari aka yi buɗar kai, aka kai gara: buhunan shinkafa da manja da man gyaɗa, da alkaki da nakiya da dubulan. Amaryar ta gama Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da ke garin, kuma an yi sharaɗi tun wurin neman aure cewa za ta yi aikin koyarwa.

Ɗan Tsokaci Kan Harshe

Cikin kwana shida da muka yi na cika shafi huɗu na littafina da bambancin Hausar can da wadda muke rubutawa a aji. Inda muke cewa "wannan" su sai su ce "wanga". "Me kake so?" a bakinsu "Mi kaka so?" ne. "Yana zuwa" ya zama "shina zuwa", "suka tafi" ya zama "sunka tahi", "biyar" ta zama "biyat", "fura" ta zama "hura", 'ya kuma "ɗiya". Maimakon "ne" da "ce" suna amfani da "na" da "ta". In za su tambaye ka yaushe ka zo sai su ce, "Yaushe kaz zaka?"

A makarantar nan mukan yi wa 'yan'uwanmu na yamma dariya in sun yi magana haka. Ya kamata mu sani wannan karin harshe ne mai asali, da shi aka rubuta waƙoƙin malaman jihadi da yawa, da shi kuma manyan makaɗan ƙasar Sakkwato da Zamfara suka yi waƙa. Daidaitacciyar Hausa ta rubutu ce da jarrabawa, amma wanda ya san kare-karen harshe ya fi wanda bai sani ba zurfi a Hausa.

Abin da Za Mu Ɗauka

Na farko, ga mu 'yan makaranta. Kowa ya san rukunin jininsa tun yanzu, tun kafin zuciya ta kamu da son wani. Gwajin ba ya ɗaukar lokaci, kuma sau ɗaya ake bukatarsa in an yi shi a wurin da ya ƙware. Da wana da taubashiyarmu sun san nasu tun suna sakandare, da maganar ba ta kai inda ta kai ba, da kuma an huta da ɓacin ran shekara uku. Haka nan mu tausaya wa 'yan'uwanmu masu sikila da ke cikinmu, musamman da hunturu, mu ɗebo musu ruwa, mu karɓar musu aikin da ya fi ƙarfinsu, kada mu ce lalaci ne.

Na biyu, ga iyayenmu. Muna roƙonku da ladabi, a riƙa yin gwaji tun kafin a kai goron farko, lokacin da janyewa ba za ta zama abin kunya ga kowa ba. Kuma idan saɓani ya shiga tsakaninku da 'yan'uwanku, ku tuna mu ma yana shafarmu. Akwai 'ya'yan Kawu biyu da aka haifa cikin shekarun nan, waɗanda suka gudu suka ɓuya da suka gan mu, don ba su san mu ba.

Na uku, tsofaffinmu littattafai ne da ba a buga ba. A dare biyu Kaka ta lissafa mini kakanninmu har hawa biyar, da garuruwan da danginmu suka bazu, daga Augie har Dosso ta Jamhuriyar Nijar, duk na rubuta. Ina ba kowane ɗalibi shawara, hutu mai zuwa ya sayi littafi ɗan shafi 40, ya zauna gaban kakarsa ko kakansa ya yi tambaya ya rubuta. Wanda ya kawo nasa, sai mu roƙi malaminmu na Hausa a karanta a taron ƙungiyar Hausa.

Waya tana da amfani, amma ana iya ƙin ɗaukarta. Wanda ya yi sallama a zaure kuwa, da wuya a ƙi amsa masa. Sarkin Musulmi Hassan ya taka zuwa Argungu a 1934, Babanmu ma da ya taka aka ba shi wakilcin aure a gidan da aka shekara uku ba a ambaton sunansa. Allah ya ba amarya da ango zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya ƙara wa kakanninmu lafiya, ya kawo mana zaman lafiya a hanyoyinmu, ya kuma ba mu sa'ar jarrabawa. Amin.